Jikokin Kuɓewar Tabawa

Da sunan Allah Mai fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa, Mai ɓoye itace a cikin ƙwaya, Wanda Ya halicci 'ya'yan uwa ɗaya bai yi su kama ɗaya ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ni ne Shekarau ɗan Nomau, mutumin Tudun Marke, wanda kuka sani da ƙafar yawo tun yana rarrafe. Kun dame ni da tambaya, a ƙofar masallaci da kasuwa da bakin rafi, ina na shiga shekarun nan, kuma me ya sa da na dawo na mai da lambun gidanmu abin kallo. To ku gyara zama, sau ɗaya zan faɗa.

Saboda baƙin da ke cikinku, bari in fara da yadda garinmu yake. Filin da ke gefen rafi ba na kowa ba ne, na gari ne. Sarkin Noma ke raba shi, kowane gida da abin da ya ɗauka zai noma. Wani gida albasa, wani gauta, wani tattasai. Gidanmu kuɓewa ya ɗauka tun kakanni. Sharaɗin ɗaya ne, ranar da za a fara cin sabon gero kowane gida ya kawo kwando cike da ɗanyen abin da ya noma, a yi miyar gari da shi. Gidan da ya kasa, a ba wani filinsa.

Da mahaifanmu suka rasu, lambun ya dawo hannun yayata Tabawa, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya. Da busasshiyar kuɓewar nan take musayar hatsin da suke ci. Kuɓewar gidanmu kuwa ba ta da ta biyu wajen daɗi. Yauƙinta sai ka ɗaga loma har saman kai bai tsinke ba. Amma ta ɗauki wani hali, kowace shekara sai ta ƙara jinkirin haihuwa. Ta yi tsawo, ta yi ganye, ta tsaya tana kallon mutane. Kafin ta yi fure sosai ruwan sama ya ɗauke, rafi ya ƙafe, gero ya nuna. Kwandon da ubanmu ke kai wa da tozo ya koma rabi, daga rabi ya kama hanyar gindi.

Ga kuma yadda muke ɗibar iri. Duk gindin da ya fara haihuwa, mata su yi ta tsinkarsa ana miya har ya gaji ya bushe. Can ƙarshen damina, in an gama shanya an cika tukwane, sai a ga wasu gindaye kore shar, lokacin suka fara nasu. Su muke kira auta. Mukan ce su ne masu jimiri, a bar 'ya'yansu su ƙosa a yi iri da su. Haka muka gada, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Sarkin Noma Jatau abokin ubanmu ne, sai ya yi mana sassauci, ya ce muddin kuɓewa ta rufe gindin kwando zai kau da kai. Ni kuwa na ce da Yaya zan tafi neman irin da ke haihuwa da wuri, ko a bayan duniya yake. Ta dube ni ta ce ta sani ko kuɓewar nan a kan dutse take haihuwa sai na sami dalilin tafiya. Duk da haka ta ƙulle mini tafin hannu guda na irinmu a 'yar jakar fata, ta ce in na ga wanda ya fi shi in gwada su gefe da gefe, kada a cuce ni da kyan ganye.

Na bi ayarin masu kanwa har inda kanwa ta ƙare, na bi masu jirgi har inda ruwa ya ƙare. Na ratsa dajin da itatuwansa ke tashi da rani su bi ruwa kamar shanu, in ka ɗaure jakinka a gindin ɗaya ka ta da sallah, kana sallamewa sai bin sawu. Na wuce garin da ake tatsar gajimare da tsani. Ko'ina na sauka, tukunyar miya nake fara leƙawa.

Ƙasar farko da ta tsai da ni ita ce Gandamau. Tun daga nesa na hango wasu korayen hasumiyoyi sun tokare sama, na ce lalle mutanen nan masu ibada ne. Da na matso sai na ga kuɓewa ce. Kowane gindi ɗa ɗaya yake yi a shekara, ɗan kuwa ya kai tsawon jirgin fito. Tun zamanin da ba wanda ya tuna, daga mafi girma kaɗai suke ɗibar iri, har abin ya kai su nan. Da gatari suke sare ta, da ɓawonta suke rufin ɗaki da rumbu da kwalekwale. Miyarta kuwa sai dai a tauna a tofar kamar rake. Kowa a garin muƙamuƙinsa ya fi goshinsa faɗi. A wurin taro ƙato ke fara magana, ya gama na biye da shi ya karɓa, ni da nake ɗan firit ban taɓa kai wa ga buɗe baki ba.

Na sami aikin ban ruwa a lambun Sarkin Lambu. Wata safiya ina wucewa da tulu sai na ga wata ta fito daga fure ke nan, ba ta wuce damtsena ba, tana sheƙi, da laushi kamar kuncin jariri. Kun san abin da hannun ɗan Tudun Marke ke yi in ya ga ɗanyar kuɓewa. Kafin hankalina ya iso, yatsuna sun kama tsininta sun karya don su ji ko ta ƙosa. Ta ce ƙas. Lambu ya yi tsit. Ashe ita ce ɗiyar da Sarkin Lambu ya sa rai zai ci gasar shekara da ita, har ya yanka mata rago.

Aka kama ni da tsinin a hannu, na cusa shi a aljihu. Hukuncin da suka yanke shi ne in zama matokari, a tsai da ni ƙarƙashin wata babba in tallafe ta da kafaɗa har ta bushe. Kafin a gama haƙa ramin da za a dasa ni, suka ɗaure hannuwana da igiyar rama suka ajiye ni bakin kogi, ƙatti biyu na gadi. Rana ta take, ƙattin sun cika ciki da taunar miyarsu, sai gyangyaɗi. Na sunkuya na jawo tsinin nan da haƙori, na tauna shi sosai. Duk girman banzan da suka ɗora mata, tana ƙarama ba ta manta ita kuɓewa ba ce. Na tofa yauƙin a wuyan hannuna, na murza, na murza, igiya ta zame kamar an roƙe ta. Na tura wani kwalekwalen ɓawo cikin ruwa na kwanta ciki. Akwai ƙwayar iri guda da ta maƙale a lungunsa, girman ƙwan jimina. Na ɗaga ta na jinjina, na ce ɗanta ɗaya zai cika kwandon Yaya har ya danne mai ɗauka, amma ba mai cin tuwo da shi. Na yi matashin kai da ita, da gari ya waye na bar wa kifi.

Kogin ya kai ni Birnin Sahu. Nan kuma kowa rigarsa fara, hularsa baƙa, ɗakinsa kamar na maƙwabcinsa, har tari tare suke yi. Gonakinsu na kuɓewa sun miƙe iyakar ganin ido, kowane gindi iya gwiwa, ba wanda ya ɗara wani da yatsa. Suka ce duk daga uwa ɗaya suka fito. Safiya ɗaya suke fure, ƙasa ta zama rawaya daga gabas har yamma, kuma ga sauri. Ka shuka, kafin ka gama hutawar huɗa ana miya. Na ce ga abin da na fito nema. Da na ɗanɗana sai jikina ya ɗan yi sanyi. Salam take, yauƙinta bai fi na ruwan wanke shinkafa ba, kuma in ta yi zubin farko ta gama, sai ta kwanta.

Suka ba ni riga da hula da sanda, suka sa ni cikin masu awo. Aikinmu mu bi layi muna gwada tsawo, duk gindin da ya ɗara sanda ko ya gaza, ko ganyensa ya yi wani yanka daban, a tumɓuke shi a ƙone. Na tumɓuke waɗanda har yau nake tunawa, wani mai rassa uku, wani mai jan kara. Lokacin shuka na ɓoye irinsu kaɗan a kalmasar hulata. Na kuma tuna maganar Yaya, na shuka 'yan ƙwayoyi na gidanmu a fasasshiyar tukunya bayan ɗakina don in gwada.

Sai iska ta kawo wani farin ƙwaro, ƙanƙane kamar dusa. Ya sauka a gona ɗaya, jijiyoyin ganye suka yi rawaya, ganye ya nannaɗe. Abin da ya kayar da gindi ɗaya kuwa ya kayar da duka, don duk jikinsu ɗaya ne. Yadda suke fure tare haka suka mutu tare. A ƙasar nan kaf ba abin da ya rage kore sai tukunyar bayan ɗakina. Ƙwaron ya hau ta ya sauka, ko a jikinta.

Na zaci za su zo su roƙi iri. Ashe su a wurinsu abin da ya bambanta shi ne mai laifi. Suka ce mayya ce ta shanye sauran, suka ƙone ta, aka yi shela a kamo baƙon da ya shuka ta. Gari duka ya fito ya jeru sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, za a tsefe ƙasa daga kogi zuwa iyaka. Na sa rigata fara da hulata baƙa na shiga sahun. Na kusa da ni ya tambaye ni ko na san kamannin baƙon, na ce an ce dai ba ya kama da kowa. Ya ce to ai ba zai ɓuya ba. Muka yi ta tafiya muna leƙa ramuka muna bugun ciyawa, ni ma ina nemana da gaske. Da muka kai dutsen iyaka, mai shela ya ce a juya, dubban mutane suka juya kamar mutum ɗaya. Ni dai ban juya ba.

Na daɗe ina gararamba bayan nan, har na faɗo bakin wani tafki da ba a hango ƙarshensa, ana ce masa Tafkin Zuma. Tsibirai na gani birjik, kowane da lambu a kansa, amma sai na ga tsibiran suna tafiya. Kififiyu ne, kowace bayanta ya kai faɗin masussuka, ƙasa ta taru a kai shekara da shekaru. Mai lambunan wata tsohuwa ce, Iya Ladingo, ƙanƙanuwa, bakinta ja da goro. Tana ganina ta ce ga angonta ya iso, amma an rage masa hanya wajen tsawo. Na ce ai daidai amaryar aka yanko ni. Ta yi dariya ta ba ni fura.

Kowace kififiya iri ɗaya take ɗauke da shi. In Iya ba ta son iri biyu su gauraya, sai ta buga ƙwarya, kififiyun su rabu su yi nisan da ƙudan zuma ba zai iya kai garin fure daga wannan zuwa wancan ba. In kuwa tana son haɗa su, da hannunta take yi. Na kwance mata labarina, na zuba iri biyun a gabanta, na gidanmu mai daɗi da ƙarfin jiki amma malalaci, na Sahu mai sauri amma salam. Da na kai ga yadda muke ɗibar iri daga auta, sai ta ajiye goronta ta yi dariya har da hawaye.

"Wato masu sammako ku cinye su, wadda ta makara ku naɗa ta uwar gida. Shekara nawa kuna haka? Ai kuɓewarku ba ta yi laifi ba, angona. Abin da kuka roƙa ta ba ku."

Na zauna ina kallon ruwa, ina ganin hannun uwata da na kakata suna zaɓen auta da bismilla.

Muka shuka iri biyun, na gidanmu da wuri, na Sahu daga baya, don furensu ya haɗu. Ta koya mini aikin. Da la'asar za ka nemi tohon furen da zai buɗe gobe, ka tsaga shi da ƙaya a hankali, ka kankare duk abin da ke ɗauke da garin nan rawaya, ka bar tsinken tsakiya shi kaɗai, ka rufe shi da 'yar hular kakin zuma. Da hantsi ka tsinko buɗaɗɗen fure daga ɗaya irin, ka shafa garinsa a kan tsinken, ka mai da hular. Na ɓata furanni da yawa kafin hannuna ya saba. Ta ce wanda ya karya kuɓewar Sarkin Lambu da yatsa biyu ba za a sa ran ya iya lallashi da wuri ba.

Abin da ya fito daga wannan haɗin, jama'a, ban taɓa ganin irinsa ba. Kowane gindi iya ƙirji, gaɓoɓinsa kusa da kusa, kowace gaɓa da ɗa. Ya haihu da wuri, ya ƙi gajiya, ga yauƙi, ƙwaro ya hau ya sauka. Duk kansu ɗaya kamar an zuba su a ma'auni. Na bar su suka ƙosa, na cika jakata da iri, na ce da Iya gobe sai gida.

Ta ce in zauna tukuna, aikin bai fara ba.

"Waɗannan 'ya'ya ne, nauyin iyayensu suke ji, kowa ya ɓoye halinsa. Abin da ke jakarka jikoki ne. Jika ba ya jin nauyin kowa. A cikinsu za ka ga kakan da ba ka taɓa sanin kana da shi ba."

Ta ce in ba ta damina kaɗan mu shuka mu zaɓa, mu sake shukawa mu sake zaɓa, har iri ya zauna. Na ji ta da kunne. Amma idona ya riga ya ga abin da ya gani, ga tunanin kwandon Yaya, ga ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Da ta ga ba zan tsaya ba, ta sa wata kififiya ta kai ni gaɓar yamma, ta ce in gai da yayata, in ce mata kishiyar tafiya ta sako mata ƙaninta.

Na iso Tudun Marke ana gyaran gona. Na yi sallama, Yaya ta fito da ludayi a hannu, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce iri na kawo ko gemu kaɗai. Sai da ta zuba mini tuwo ta juya baya sannan na ga tana share ido da bakin zane. Ta gaya mini bara da ƙyar kuɓewa ta rufe gindin kwando, dattawa sun matsa wa Sarkin Noma, gidan Dogara na son filin su zuba tattasai. Bana ko kwando ya cika, ko mu tashi.

Na ce ta kwantar da hankalinta. Kun ji ni da kunnenku a ƙofar masallaci, ina cewa kowane gindi iya ƙirji, kowace gaɓa da ɗa. Yaya ta ba ni filin duka, ta ce tsohon irin ko an shuka ba zai kai mu ba.

Ruwa ya sauka, shuka ta fito, ta fara girma, sai na fara jin muryar Iya Ladingo. Wani gindi ya wuce kaina yana ta ganye ba fure. Na kusa da shi iya gwiwa. Wani jan kara, wani fari, wani 'ya'yansa gajeru masu kauri, wani dogaye kamar yatsun mayya, wani ƙaya gare shi, in ka taɓa ka yini kana susa. Da farin ƙwaro ya zo, wasu suka yi rawaya suka kwanta, wasu suka tsaya. Mutane suka sa wa lambun suna Kasuwar Shekarau, wai kowace ƙabila ta kawo kaya. Mai gidan Dogara ya riƙa zagayowa da yamma yana auna filin da ido, yana yi mini sannu da aiki.

Amma cikin wannan hargitsi akwai waɗanda suka yi abin da ake so. Gero bai gama fitar da kai ba suka fara fure, nan ɗaya, can biyu, warwatse cikin lambu. Na ce waɗannan su ne iri, wannan karon ba za a cinye masu sammako ba. Na hana kowa taɓa su. Na kafa rumfa a bakin lambu na zauna da sanda, 'ya'yan farko suka fara ƙosawa a kan uwayensu ina kallo ina jin daɗi.

Ana saura 'yan kwanaki a ci sabon gero, Yaya ta zo da sassafe da kwando a ka. Na tare hanya. Na ce mata in ta tsinke waɗannan mun koma gidan jiya, shekarun da na yi a duniya sun tafi a banza. Ta sauke kwandon ta ajiye tsakaninmu.

"In ban tsinka ba, iri mai kyau za mu samu, mu shuka shi a ina? A kan gemunka?"

"Yaya, abin da ya kashe mu ke nan, cinye na farko."

"Ɗan farko ne mai sammako, ko uwar?"

Na ce ban gane ba. Ta ce akuyarta mai haihuwar tagwaye, ɗiyar da ta haifa da fari da wadda ta haifa da tsufa duk tagwaye suke yi, ba ta taɓa jin an ce sai ta fari ce ta gaji uwar ba. Kuskuren gidanmu ba cin 'ya'yan farko ba ne, mantawa muke yi da wace uwa ta haife su. In an zo ƙarshen damina duk sun bushe, ba mai iya nuna wadda ta fara.

Na tsaya da sanda a hannu kamar matokarin Gandamau. Na ce to in mun tsinke, na baya za su sami lokacin ƙosawa kafin rafi ya ƙafe? Ta ce ba lambu duka za mu shayar ba, waɗannan 'yan gindayen ne, rijiyar gida ta ishe su, kuma ta ga na dawo da kafaɗu.

Ta koma gida ta ɗauko wani tsohon zanenta shuɗi, ta kekketa shi. Muka bi lambu gindi gindi. Duk wanda ya haihu da wuri sai mu tsaya a kansa. Ni in duba gaɓoɓi da yawan 'ya'ya da lafiyar ganye, ita ta yanka ɗa ɗaya ta murza tsakanin yatsu ta ja ta ga tsawon yauƙin, ta ɗanɗana. Wanda ya ci duka a ɗaura masa ƙyalle. Akwai wani da ya fi kowa sauri, ya yi 'ya'ya har yana sunkuyawa, na riga na ɗaura masa. Ta murza, ta ja, ba komai. Ta ce wannan ɗan Sahu ne sak, ta kwance. Da ta yi gaba na yage bakin rigata na ɗaura masa farin ƙyalle. Ta gani, ta wuce gindi na gaba.

Muka bar waɗanda suka riga suka ƙosa, muka tsinke ɗanyun. Ashe tsinka ma ƙara musu himma take yi, kowace safiya sai mun sami sababbi. Duk da haka masu ƙyalle kaɗai ba su cika kwandon ba. Safiyar ranar muka bi sauran lambun muka tattaro duk abin da ya kai a ci, ja da fari, gajere da dogo, har da masu ƙaya, muka yi masa tozo.

A dandali kowane gida ya ajiye nasa, albasa kai ɗaya, gauta kai ɗaya, namu kuwa kamar an kwashe ragowar kasuwa. Sarkin Noma Jatau ya zo kansa ya tsaya. Ya naɗe hannun riga ya zura hannu har gindi, don ya ji ko an yi shimfiɗar ganye a ƙasa. Ya zaro hannun yana susa. Mai gidan Dogara ya matso ya ce, ranka ya daɗe, ai wannan ba iri ɗaya ba ne, tarkace ne. Sarkin Noma bai daina susa ba ya amsa.

"Da Nomau muka yi magana, kwandon kuɓewa ya ce, bai ce mini 'yan uwa ɗaya ba. 'Yar Nomau, filinki na nan. Amma wannan mai cizon, kada in sake ganinta a kwandona."

Aka yi miya. Ba ta kai ta zamanin ubanmu yauƙi ba, amma na ga dattawa suna naɗe ta da yatsa, na ga mai gidan Dogara ya nemi ƙari.

Ruwa ya ɗauke, na yi ta jigilar tulu daga rijiya zuwa masu ƙyalle har 'ya'yansu na baya suka ƙosa suka fara tsagewa. Kowace uwa muka zuba irinta a ɗan goranta daban, ga su can rataye a ɗakin Yaya. Ta tambaye ni sai yaushe iri zai zauna ya daina fito mana da baƙi. Na ce Iya ta ce sai an shuka an zaɓa, an sake, har 'ya'ya su riƙa kama da uwarsu, wataƙila ya kai tsawon shekarun da na yi a waje. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe.

Gardama ɗaya ta rage tsakaninmu, a kan jar nan mai ƙaya da ta ciji Sarkin Noma. Duk lambun ba wadda ta kai ta 'ya'ya, kuma ƙwaro bai taɓa ta ba. Yaya ta ce a zubar da irinta, ita ba za ta tsufa tana susa ba. Ni na ce cikin 'ya'yanta ba za a rasa marasa ƙaya ba, sai an shuka a gani. Mun shirya a kan layi ɗaya can gefen rafi, ni zan shuka, ni zan tsinka, kuma ba za ta ba ni aron man shafawa ba.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan. Abin da na ƙara Allah Ya yafe mini, abin da na rage ku tambayi Yaya. Yanzu ku ba ni hanya, hadari ya haɗo a gabas, ban gama huɗa ba.